Ɗakin da Babu Kowa a Samansa

Ina tsugune a bakin famfon gurdwarar ƙauyenmu, wato ɗakin ibadarmu na mabiya addinin Sikh, ina wanke ƙafa Tayaji ya zo ya tsaya a kaina. Yayan babana ne, sunansa Ajaib Singh, kuma shi ke shugabantar kwamitin gurdwarar tun ina firamare. Bai jira na miƙe ba.

"Nimrat, gara ki ji daga bakina. Mun rubuta wa masu hidima, sun amsa. Lahadi mai zuwa motarsu za ta zo ta ɗauki tsohon Littafin."

"Ta kai shi ina, Tayaji?"

"Kin sani, kike tambaya."

Na sani. Littafin Guru ba takarda ba ne a wurinmu, shi ne Gurun da kansa. Da safe a buɗe shi, da yamma a rufe a kai shi makwanci. In ya tsufa har ba a iya karatu a cikinsa, abin da ake yi wa dattijon da ya cika shi ake yi masa: wanka, sabon yadi, itacen sandal da man shanu, sannan a ƙone shi a kai tokar kogi.

Namu rubutun hannu ne. Takardarsa mai kauri ce, launin shayi da madara. Mahaifin kakata Biji ne ya ɗauko shi a ka shekarar da aka raba ƙasarmu gida biyu mutane suka yi gudun hijira, kwana tara a ƙafa daga ƙauyensu na bayan Sheikhupura, Biji tana 'yar shekara bakwai tana riƙe da bakin rigarsa. Ba shi da ɗa namiji da ya rayu, shi ya sa Littafin ya biyo ta gidan aure ya zauna a gurdwararmu. Yanzu ƙwaro ya ci gefunansa, danshi ya manne ganyen takardun tsakiya. An daɗe da sayo na ɗab'i, da shi ake karatu. Tsohon yana kwance a ɗakin ciki a kan ƙaramin gadonsa.

Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Gidan tarihinmu zai karɓe shi."

Adana kayan tarihi na karanta a jami'a a Patiala. Wata goma ke nan ina aiki a gidan tarihin Sikh da ake ginawa a kan tudu bayan Hoshiarpur. Ni ke auna akwatunan gilashi, ni ke rubuta 'yan bayanan da za a manna a ƙarƙashin kowane kaya.

Tayaji ya shafa gemu. "Gidan kallonku? Inda 'yan makaranta za su shiga suna taunar rake?"

"Za a kula da shi, Tayaji. Zai ƙara shekara ɗari biyu."

"To, ji nan, malamar jami'a. Ba takalmi, ba kai a buɗe. Alfarwa a kansa. Kuma ba mahaluƙin da zai taka ƙafa a samansa. Samo mini wannan ɗaki kafin Lahadi, ni da kaina zan kai shi a ka."

Sharuɗɗan farko ba komai ba ne. Na ƙarshen ne matsalar, don na san ginin.

Wata takwas kafin nan an yi babban taro a kan samfurin ginin, wanda aka yi da kwali aka ɗora a tebur. Mutum ashirin da biyu ne, duk masu rawani: malaman tarihi, dattawan addini uku, masu ba da gudummawa, da babban mai zanen, Tejvir Singh. Kujeru sun ƙare, sai aka ba ni wata 'yar kujera gajera a ƙarshen teburin, har kwalin ya zo daidai da idona. Daga nan na hango abin da na sama ba sa gani. Ginin ba shi da matakala. Wata doguwar gada ce ke lanƙwasa daga ƙofa ta hau har rufi, masu kallo su bi ta daga zamanin farko zuwa yau. Gadar ta ratsa daidai kan ɗaki na bakwai, ɗakin rubuce-rubucen hannu. Rufin kuma lambu ne da za a riƙa yawo a kai.

Awa uku suka yi suna musu a kan ko tagogin zaure su zama biyar ko goma. Sau biyu na buɗe baki. Na farko wani dattijo ya yi tari, na fasa. Na biyu aka shigo da shayi. Na ce a raina ai cikin mutum ashirin da biyu dole wani ya lura. Ranar, wuƙar yankan kwali kaɗai ta isa ta kawar da gadar.

Ran Litinin na zaga ginin kaf, kaina a ɗage. Siminti ya bushe tuni. Ɗakin makamai, zauren raba ƙasa, ma'ajiyar ƙasa, ofisoshi, ko'ina na tsaya akwai inda ƙafar mutum za ta bi a sama. Sai da rana ta take sannan na iya ƙwanƙwasa ƙofar Tejvir Singh.

A Kanada ya girma. Yarenmu yana fita bakinsa a karye, ma'aikata suna kwaikwayonsa in ya ba da baya, amma mutum ne mai kirki.

"Sardarji, minti biyu."

"Af! Ashe kina magana? Wata goma ina zaton bebiya aka ɗauko mana. Zauna, zauna."

Na faɗa masa komai, idona a kan teburinsa. Da na zo kan rubutun hannu da kwana tara a ƙafa, ya ajiye alƙalaminsa.

"Na ainihi? Cikakke? Shekara uku ina neman abu ɗaya irin wannan. Duk abin da muke da shi kwafi ne, takubba kwafi, wasiƙu kwafi. Kawo shi! Ɗaki na bakwai, akwatin tsakiya."

"Gadar tana kansa."

Ya jawo zanen ya bi layin gadar da yatsa, ya sake bi. "Waheguru," ya ambaci sunan Ubangiji a hankali. "Kakata ko jaridar da ke da kalmar Guru ba ta bari a ajiye a ƙasa. Ni kuma na gina hanya a kai." Ya ɗago. "Yaushe kika ga wannan?"

"Ranar taron kwali."

"Ranar kwali! Kika yi shiru?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Dattawa uku na addini suna wurin. Sun ci mini rai a kan tagogi, ba wanda ya sunkuya." Ya murza ido. "Gadar ita ke riƙe da bangon gabas, ba ta taɓuwa."

"A rufe wani gefe na lambun sama fa? A sa shinge?"

"Ta nan hanyar gudun gobara ta bi. In na toshe ta ba za a ba mu izinin buɗewa ba."

Muka zauna muna kallon zanen kamar zai canja. Can ya ɗora yatsa a kan wani ɗan murabba'i a ƙasan takardar, nesa da komai. Ɗaki ne ƙarami a bakin babbar ƙofa, a gindin tudun, wanda aka tanada don ajiye kujerun guragu da laima. Babu komai a kansa sai sama.

"Zan sa na'urar sanyi da ta tsotse danshi. Zan sa a shimfiɗa farin dutse, a yi alfarwa. Ki kawo baffanki ya gani."

Kwana biyu na yi ina gyara ɗakin da hannuna. Na fitar da buhunan siminti, na share, na wanke ƙasa sau uku, na kunna turare don warin fenti.

Ran Alhamis Tayaji ya zo a motarsa, Biji a kujerar baya da sandarta. Ban san zai zo da ita ba, na kuwa ji daɗi. Na tabbata in akwai mai tsaya mini, ita ce.

Tayaji ya fito ya ɗaga kai yana kallon ginin. "Wannan gidan tarihi ne ko tashar jirgin sama?"

Tejvir Singh ya yi dariya, ya haɗa hannu ya gaishe su, ya sunkuya ya taɓa gwiwar Biji. Ta dafa rawaninsa. "Ka rayu, puttar, ɗana. Ɗan waye kai? Bakinka kamar na mai tauna dankali da zafi."

"Daga Kanada, Biji."

"Shi ya sa. Ba laifinka ba ne."

Muka kai su ɗan ɗakin. Tayaji ya cire takalmi tun daga waje, ya shiga, ya dubi rufi, ya fito ya zaga bayansa. Ya tsaya ya ɗaga kai yana bin tudun da kallo har can sama.

"Wancan mai laima ja a can ƙoli mene ne?"

"Wurin shan shayi ne," in ji Tejvir Singh.

"Mai shayi a sama, Guru a gindin tudu. Nan gaban kuma?"

"Wurin tsayawar motocin baƙi."

"Wato gadi zai yi muku. Duk wanda ya sauko daga bas ya miƙe ƙafa, ya tofar da yawu, Guru yana bakin ƙofa yana yi masa maraba."

"Sardar Sahib, za mu yi katanga, mu shuka itatuwa. Babu kowa a samansa, ai shi ne sharaɗin."

"Shi ne, ban musa ba." Tayaji ya juyo gare ni. "Wa zai buɗe shi da safe? Wa zai kai shi makwanci da yamma? Na ga allonku ya ce ran Litinin ba kwa buɗewa. Shi ma Gurun hutu zai riƙa yi ran Litinin?"

Da na iya ƙarya da na ce za a ɗauki mai karatu. Amma na san takardar. Na ce, "Ba zai jure buɗewa da rufewa kullum ba, Tayaji. Za a buɗe shi a shafi ɗaya a cikin gilashi, da haske kaɗan. Bayan wata uku a juya shafi."

Tayaji ya buɗe baki, sai ya fasa. Ya dubi mahaifiyarsa. "Biji, ke kika zo da shi garin nan. Ni bakina ya fita. Abin da kika ce shi za a yi."

Biji ba ta ko dubi ɗakin ba. "Ina gilashin? Ku nuna mini."

Babu akwati a ɗan ɗakin tukuna, sai muka hau da ita zuwa ɗaki na bakwai, tana dogara ni a hagu, sandarta a dama. Akwatin tsakiya yana nan a tsaye, sabo, tsawon mutum a kwance. Ni na auna shi. Daga sama ana jin takun ma'aikata a kan gadar, da ƙarar baro. Biji ta ɗora tafin hannu a kan gilashin, ta ɗauke, ta dubi shatin da ya bari.

"Ta ina ake sa hannu?"

"Ba a sawa, Biji. A kulle yake, don iska kada ta shiga."

"To wa zai karanta?"

"Mutane za su gani. Dubbai, Biji. Daga Ingila, daga Kanada. Za a rubuta sunan mahaifinki a ƙasa, da sunan ƙauyenku."

"Ƙauyenmu ai yana nan inda muka bar shi, wasu ke ciki." Ta nemi wurin zama, Tejvir Singh ya jawo mata wani akwatin katako. "A hanyar nan, Nimmi, ba safiyar da babana bai sauke shi ya buɗe ba. A gindin bishiya, a bakin rijiyar da ba ma iya shan ruwanta. Mutane suna yi masa ihu, tashi mu tafi, za a cim mana. Shi kuwa sai ya karanta layin ranar. Ranar da ƙanena ya mutu ma ya buɗe. Ni ke riƙe masa bakin mayafin uwata a sama, don ba mu da alfarwa. Hannuna har ya ƙage."

Ta sake duban gilashin.

"Bai ɗauko shi don a kalla ba. Ki kulle shi a nan shi kaɗai, ba mai tashinsa, ba mai kwantar da shi, kamar kwaɗin nan da kuke sawa a kwalba a makaranta?"

"Biji, in aka ƙone shi ya tafi ke nan. Babu wani irinsa."

"Ni ma babu wata irina, kuma zan tafi. Ko ni ma kin auna mini gilashi?" Ta yi 'yar dariya, ta kama hannuna ta matse. "Ya gaji, puttar, 'yata. Ya yi magana tun kafin a haifi kakan kakanki. Ki bar shi."

Tejvir Singh ya fara cewa wani abu a kan jikoki da tarihi, yaren ya ƙwace masa, ya yi shiru. Biji ta miƙa masa hannu ya tashe ta.

"Gininka yana da kyau," ta ce masa. "Sai dai sanyi."

A wurin mota na roƙi Tayaji abu ɗaya, ya bar ni in ɗauki hotonsa shafi-shafi. Ya daɗe yana kallona.

"Juma'a da Asabar. Bhai Sarwan ne zai juya ganye, ke ba za ki taɓa ba. Kuma kada in ga kin hau kujera kin leƙo shi ta sama."

Bhai Sarwan Singh shi ne mai karatun gurdwararmu, shekararsa saba'in da wani abu, hannunsa yana rawa. Tejvir Singh ya ara mini kyamarar ofis. Da safiyar Juma'a Bhai Sarwan ya yi wanka, ya yi addu'a, ya ɗauko Littafin a ka ya ɗora shi a mazauni, ya yaye mayafansa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa daga gefe, kyamarar a karkace, don ban isa in ɗaga ta a kansa ba. Rabin kowane hoto yana fitowa a dushe.

Ganye ɗari shida da wani abu ne. Kowanne sai ya lallaɓa shi da yatsa ya raba shi da ɗan'uwansa, kuma duk shafin da ya buɗe sai leɓunansa sun motsa ya karanta layin farko.

"Bhai Sahib, da za mu ɗan yi sauri."

"Sauri? Jaridar safe kika ɗauke shi? Shekara goma sha ɗaya rabon da in ga shafin nan, yarinya. Bari mu gaisa."

Ran Juma'a muka yi ganye sittin da huɗu. Ran Asabar da la'asar mun kai ɗari da talatin da takwas, sai muka iso inda danshi ya manne su kamar allo.

Akwai wani ganye a can ƙarshe da na taɓa gani sau ɗaya ina 'yar shekara sha biyu. Wanda ya rubuta Littafin bai sa sunansa ko'ina ba, amma a nan ya bar yadda ya haɗa tawadarsa: baƙin fitila kaza, ƙaro kaza, a niƙa da sandar darbejiya a kwanon tagulla kwana ashirin. Ma'aunin ne na manta. A duk Littafin, nan ne kawai mutumin ya yi magana da bakinsa.

Wannan karon ban yi shiru ba. "Bhai Sahib, ganyen ƙarshe. Shi kaɗai. Don girman Guru."

Ya gwada. Ya zura tafi biyu a ƙarƙashin tarin ganyen ya ɗaga kaɗan. Ɗaurin bayan ya yi wata 'yar ƙara, garin takarda ya zubo a kan farin yadi. Ya mayar da sauri, ya ja hannunsa.

"A'a. Ba zan karya masa baya ana gobe tafiyarsa ba."

Ya tattara garin a tafin hannu ya zuba a cikin mayafin, ya naɗe.

Ran Lahadi motar ta iso da hantsi. Fara ce, an cire kujerun baya an yi gado da alfarwa, furanni a jikin gilashi. Akwai wasu littattafai huɗu a ciki daga wasu ƙauyuka, kowanne a naɗe. Masu hidimar su biyu ne, ba takalmi, masu ladabi ƙwarai. Ba su buɗe namu sun duba ko na hannu ne ko na ɗab'i ba.

Duk ƙauyen ya fito. An yi addu'a a tsaye, aka raba alkaki mai ɗumi a tafin hannu. Tayaji ya naɗa sabon rawani, ya ɗora tsumma mai tsabta a kai, Bhai Sarwan ya ɗora masa Littafin. Daga ƙofar gurdwara zuwa motar taku arba'in ne. Dole wani ya shiga gaba yana yayyafa ruwa a hanya.

Biji ta ɗauki butar tagulla ta miƙo mini. "Ke za ki yi."

"Biji, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Zuba ruwa ne, ba jawabi ba."

Na shiga gaba ina yayyafawa, ƙasa tana shanyewa nan take. Ina jin takun Tayaji a bayana, da numfashinsa. Da muka kai motar na waiwaya, na ga gemunsa ya jiƙe sharkaf, ba shi da hannun sharewa. Aka karɓi Littafin aka kwantar da shi kusa da sauran huɗun, aka ja mayafi.

"Yaushe ne?" na tambayi ɗaya daga cikin masu hidimar.

"Laraba da safe, 'yar'uwa. In kina son zuwa, ƙofa a buɗe take. Akwai wajen ɗari uku wannan karon."

Ya rufe ƙofar a hankali. Motar ta bi ta tsakanin gonakin alkama, ba ta sauri, direban yana kauce wa kowane rami. Mutane suka tsaya hannu a haɗe har ta sha kwana wajen injin ban ruwa, sannan suka fara neman takalmansu.

Butar tana hannuna, da sauran ruwa kusan rabi. Ban san inda ake zubar da shi ba, ban kuma tambayi kowa ba.